Mai Agogo da Kofin Suga

Shagon Mai Agogo bai fi taku uku a faɗi ba, tsawonsa kuwa taku biyar. Yana tsakanin mai yanka makulli da mai ɗinkin jaka, a wani layi da mota ba ta iya shiga. A ciki akwai teburi mai tsawo har ƙirji, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da akwatin katako mai aljihu arba'in, kowane aljihu da irin ƙusoshinsa, wasu sai ka rantse ƙwayar yashi ce. Agogo goma sha ɗaya ne ke tafiya a bango, amma guda ɗaya kawai ta yarda da shi, wani babba mai farar fuska da take saitawa da rediyo kowace safiya. Duk agogon da ta gyara sai ya kwana biyu a gefensa kafin ta miƙa wa mai shi. Idan mutum ya matsa mata da sauri, sai ta faɗa masa abin da babanta ke faɗa, cewa agogo ba ya yi wa kansa shaida.

A wurin baban nata ta gaji sana'ar. Tun tana shekara tara take tsaye a kan kujera tana miƙa masa hantsaki, yayyenta maza uku kuwa babu wanda ya iya zama minti goma ba tare da ya zubar da wani abu ba. Da idon tsohon ya yi rauni, ita ce ta zauna a kujerarsa. Mutanen layin suka yi ta kiranta 'yar mai agogo, har wata rana aka wayi gari "'yar" ta faɗi a hanya, ba wanda ya sunkuya ya ɗauka.

Tun tana budurwa take fama da faɗuwar suga. Ba ciwo ne mai kwantarwa ba, amma bai san wasa ba. In ta sha abu mai zaƙi cikinta babu komai, sai ta yi ƙarfi kamar kowa na ɗan lokaci, daga nan sai zufa mai sanyi ta karyo mata, gwiwoyi su saki, duniya ta yi nisa. Da wata mace ce, sai ta ce jiri take yi, shi ke nan. Ita kuwa sai da ta auna abin da agogon bango har ta san sa'arsa: awa biyu da minti arba'in bayan zaƙin, ko ƙari ko ragin minti goma. Saboda haka aljihu na arba'in a akwatin nan babu ƙusa a cikinsa, gyaɗa ce da dabino.

Mijinta malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Da agogon marigayi mahaifinsa ya fara zuwa shagon. Ta gyara, ya dawo da shi bayan mako guda wai yana latti. Ta duba, ta ce lafiyarsa lau. Da ya kawo shi karo na uku, ba ta ko buɗe bayansa ba, ta ce masa agogon dai ba shi da matsala, sai dai ko mai agogon ne ke bukatar gyara. Daga ranar yake kiranta Injiniya, ita kuma Malam take ce masa, har cikin faɗa.

A cikinta na fari, da ya kai sati ashirin da shida, aka rubuta mata gwajin suga a wurin awo. Gwaji ne da ake yi wa masu ciki don a gano ko cikin ya tayar musu da ciwon suga. Mace za ta zo ba ta karya ba, a ɗauki jininta, a ba ta kofi guda na ruwan suga mai kauri ta shanye, a sake ɗaukar jini bayan awa ɗaya, a sake bayan awa biyu, sai a sallame ta. Malam ya kai ta da safe, ya ga ta shanye, ya duba agogonsa ya tuna yana da darasi ƙarfe tara. Ta ce ya tafi, ai ba yarinya ba ce. Ta gaya wa nas ɗin da ke bakin aiki cewa sugarta na faɗuwa, nas ta ce ta ci wani abu in ta isa gida. Jakarta mai gyaɗa tana shago, don an ce kada ta ci komai, ita kuma ba ta son jarabar abin da ke kusa da hannu.

Asibitin ya gama aikinsa a awa ta biyu. Nata jikin kuwa a awa ta uku yake fara nasa. Tana saukowa daga gadar sama da ke tsallaka babban titi abin ya same ta, saura matakala goma sha huɗu ta kai ƙasa. Malam ya ƙirga su daga baya, ba sau ɗaya ba. Faɗowar da ta yi ta sa mabiyiya ta rabu. Yaron namiji ne, ya yi awa shida a duniya. Sakamakon gwajin ya fito washegari, ya nuna ba ta da ciwon suga.

Ba su yi wa kowa ƙorafi ba. Ta koma shago bayan wata biyu. Shi kuma ya daina bin wannan titin, ko da zagayen zai ƙara masa rabin awa.

Sai da aka shekara uku wani cikin ya zo. Wannan karon ko awo ɗaya Malam bai bari ta je ita kaɗai ba. Yana zaune a gefenta, riƙe da katinta, ranar da Likita ta juya takarda ta ce sati mai zuwa ta zo ba ta karya ba, za a yi gwajin suga.

"Ba zan sha ba, Likita."

Ta faɗa ne a hankali, kamar yadda take gaya wa mai agogo cewa ba a samun kayan gyaran nasa. Likitar mace ce matashiya, mai saurin magana, kuma ba ita ce ta duba cikin farko ba. Ta ajiye biro ta saurara. Mai Agogo ta ba ta labarin a jimla huɗu ko biyar, da sa'o'insa. Likita ta yi musu ta'aziyya, sannan ta faɗi nata gaskiyar ba tare da ta sassauta ba. Ta ce dubban mata na shan wannan ruwa lafiya lau. Ta ce shekarun Mai Agogo sun haura talatin da biyar, mahaifiyarta ta yi ciwon suga, kuma hoton ciki ya nuna ɗan ya ɗan fi satinsa girma. In akwai ciwon aka bar shi a ɓoye, yaro na iya yin girman da zai maƙale wajen haihuwa, ko sugarsa ta faɗi da zarar an yanke cibiya, wani lokacin ma a rasa shi a ciki ba gaira ba dalili. Ta ce za ta ba ta gado, ta kwanta awa huɗu bayan gwajin, nas na kanta.

A nan zuciyar Malam ta ce to, an samu mafita. Amma matarsa ta girgiza kai.

"Na san za ku riƙe ni. Rabin dalilina lissafi ne, rabi kuma ba lissafi ba ne, ba zan ɓoye muku ba. Kofin nan dai ba zai sake zuwa bakina ba da ɗa a cikina. Amma ban ce kada a auna ni ba. Babu wata hanya?"

Likita ta ce akwai, sai dai ba ta kai waccan tabbas ba, kuma ta fi wahala nesa ba kusa ba. Za ta sayi ƙaramar na'urar awon suga, ta huda yatsa sau huɗu a rana har sati biyu: da safe kafin ta ci komai, da kuma awa ɗaya bayan kowane abinci. Na safe kada ya kai casa'in da biyar, na bayan abinci kada ya kai ɗari da arba'in. Ta ƙara da cewa mata da yawa sun ɗauki wannan alkawari, sun dawo mata da takarda rabi babu komai, rabi kuma an cike ta a cikin mota a hanyar zuwa. Ta ce su kansu na'urorin ba duka ne ke faɗin gaskiya ba. Sannan ta rubuta a kati, da manyan baƙaƙe, cewa mai ciki ta ƙi gwaji.

Wannan rubutu ya tsaya wa Malam a wuya. Da suka isa gida ya yi magana fiye da yadda ya saba. Ya ce shi zai ɗauki hutu, zai zauna a bakin gadon, zai riƙe mata dabino a hannu. Ya ce sun rasa ɗaya saboda gwaji, kada su rasa na biyu saboda gudun gwaji. Mahaifiyarsa ta kira ta ce taurin kai ba ya haihuwa lafiya, yayar Mai Agogo kuma ta zo takanas ta ce wa ƙanwarta in don ruwan suga ne ita ta sha sau biyar, ga 'ya'yanta nan suna cinye mata gida. Mai Agogo ta saurari kowa, ta gaishe da Mama da ladabi, ta zuba wa Yaya shayi, washegari ta je kantin magani ta sayo na'ura.

Abin da Malam ya gani a sati biyun nan bai taɓa ganin irinsa ba, kuma shi mutum ne da ya shekara ashirin yana duba takardun jarrabawa.

Da yatsunta take cin abinci. Mai gyaran agogo da kan yatsa yake jin ko ƙusa ta zauna, don haka ta ware babban yatsa da manuniya da na tsakiya, ta ce waɗannan na aiki ne, ba a taɓa su. Saura yatsu huɗu a hannu biyu, kowane da gefe biyu, wuri takwas ke nan, ta tsara su bi da bi don kowane wuri ya samu hutun kwana biyu. Awa ɗaya bayan abinci a wurinta awa ɗaya ce daga lomar farko, ba daga wanke hannu ba. Malam ya taɓa ganin ta ajiye agogon wani alhaji a buɗe, ta ce masa ya yi haƙuri minti biyu, ta wanke hannu ta huda ƙaramin yatsa, ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Ta ja layi a takarda ta yi gida biyar: sa'a, abin da ta ci, abin da ta yi bayan ci, abin da take zato, abin da na'ura ta ce. Gida na huɗu ne ya ɗaure wa Malam kai. Kafin ta huda, sai ta ɗauki hantsaki ta kama wata siririyar waya ta cikin agogo, mai kama da gashi, ta ɗaga ta a gaban fitila ta duba yadda bakin wayar ke rawa a hannunta. Daga nan sai ta rubuta lamba. Idan sugar ta yi ƙasa, da wuya ta kuskure da fiye da biyar. Wata rana da hantsi ta rubuta sittin da biyu, na'ura ta ce sittin da ɗaya. Ya tsaya yana kallonta tana tauna dabino, ya ji kamar yau ya fara ganinta. Shekara bakwai yana zaune da mace mai karanta jininta a bakin waya, shi kuwa yana ta ce mata ta daina zama da yunwa.

Ya ce mata, "Injiniya, ke da wannan hannu, me ya sa muka sayi na'ura?"

Ta ce, "Ƙasa nake gani, Malam. Sama ba na jin komai, kuma saman ake nema."

A kwana na biyar ta ce ya raka ta asibiti kafin ya wuce makaranta. Ba ranar awonta ba ce. Kai tsaye ta nufi ɗakin gwaji, wurin wata dattijuwa da ta tsufa a aikin ɗaukar jini, wadda kowa ke kira Anti. Ta roƙe ta alfarma: ta ɗauki jininta na safe ta sa a babban injin asibiti, ita kuma a daidai wannan minti za ta huda yatsa ta gwada da tata. Anti ta sauke tabarau ta kalle ta, ta ce shekara ashirin da takwas tana wannan aiki, marasa lafiya na kawo mata jini da fitsari, yau ce rana ta farko da aka kawo mata na'ura awo. Ta kira Likita a waya, Likita ta amince. Sau uku suka yi haka, safiya uku daban-daban, don Mai Agogo ta ce gwaji ɗaya dace ne.

Washegarin ranar da sati biyun suka cika, Malam ya zauna da takardun bayan la'asar, ita tana shago. Huda hamsin da shida, ban da na ƙari da take yi duk lokacin da ta ji sugar ta faɗi, babu gida ɗaya da ba a cike ba. Ya bi lambobin da yatsa. Na safe suna tsakanin tamanin da huɗu da tamanin da tara. Na bayan abinci mafi girma ɗari da talatin da takwas. Ko ɗaya bai taɓa layi ba. Ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, har ya yi hamdala a fili.

Sai ya ga ƙananan takardu uku na Anti a maƙale a baya. A kowace, injin asibiti ya fi na'urar gida: da tara, da takwas, da tara. Na'urarsu tana rage lamba ke nan. Bai bukaci biro ba. Kafin ya gama numfashi ya ƙara taran a kansa, ya ga lambobin suna tsallake layi ɗaya bayan ɗaya.

Ya daɗe a zaune. Likita ta san an yi gwajin, amma mai duba mutum sittin a yini ba lallai ta tuna ta tambaya ba. In aka cire ƙananan takardun nan, takarda ce mai tsabta, matarsa ta yi nasara, bakin Mama da na Yaya ya mutu, babu mai sake kiranta mai taurin kai. Ya san ba zai cire ba. Amma ya kama kansa yana so, kuma wannan ya ba shi kunya, shi da ya fi kowa ɗaga murya a kan lafiyar ɗan.

Da ta dawo, ya fara kame-kame yana neman ta inda zai ɓullo mata. Ta buɗe jakarta ta miƙa masa wasu takardu. Ta sake kwafe komai tun jiya, ta ƙara gida na shida da jan biro, ta haɗa tara a kan kowace lamba. Waɗanda suka haura layi ta zagaye su. Guda goma sha bakwai ne.

"Ka duba mini lissafin, Malam, aikinka ne. Ina da ciwon."

Ya duba. Babu kuskure ko ɗaya. Ya tambaye ta ko ba ta ji haushi ba, bayan duk wannan wahala a ce abin da ake tsoro ne ya fito. Ta ce ai ba don ta ci gardama ta huda yatsunta ba.

Likita ta karanta takardun a tsaye, sannan ta ja kujera ta zauna ta sake karantawa. Ta tambayi wanda ya ce a ƙara tara. Da aka gaya mata, sai ta yi ɗan murmushi ta ce da kowa haka yake, da ta rage furfura. Ta nuna wa Malam abin da shi bai lura da shi ba: duk inda lamba ta hau sosai bayan abinci, a nan ne take faɗowa warwas bayan awa biyu da wani abu. Hawan da faɗuwar abu ɗaya ne, kai da wutsiya. Ta ɗauki katin, ta ja layi a kan rubutunta na farko, ta rubuta cewa an gano ciwon suga na ciki ta awon gida, ta sa hannu.

Daga nan aiki ya koma na kicin. Abinci uku ya zama shida ƙanana. Farin burodi da shayi mai suga suka bar gidan, ƙwai da wake da ganye da madara suka shigo, shinkafa ta koma cikin ƙaramin kofi. Bayan kowane ci sai ta yi tafiyar minti goma sha biyar, daga shago zuwa ƙarshen layi ta dawo, har mai yanka makulli ya ce ya daina duba agogo, in ya ga ta wuce ya san ƙarfe biyu ta yi. Hudar yatsa kuwa ba ta tsaya a sati biyu ba, sai da ta kai ranar haihuwa. Gefen ƙananan yatsunta ya yi kanta, ya yi ɗigo-ɗigo baƙi. Lambobin suka sauka suka zauna, ba a kai ga allurar ciwon suga ba. Abin da ya fi ba ta mamaki ita kanta, faɗuwar da ta saba da ita tun ƙuruciya ta ragu ƙwarai, har dabinon aljihu na arba'in ya bushe.

A sati na talatin da tara naƙuda ta zo, da rana tsaka. Mace ce, kilo uku da ɗigo huɗu, ta fito ba tare da ta maƙale ba. Saboda abin da ke rubuce a kati, ba a bar jaririyar ta yi barcinta haka nan ba. Nas ta zo ta huda diddigenta, lambar ta fito ƙasa da yadda ake so. Ga mai kallo babu abin da ya same ta, tana kwance shiru kamar kowane jariri mai daɗin hali. Aka tashe ta, aka ɗora ta a ƙirjin uwarta, aka shafa mata wani abu mai zaƙi a cikin kumatu, aka sa ta kama nono. Malam yana tsaye a jikin bango yana kallo. Aka sake hudawa, lambar ta hau. Aka sake bayan awa uku, ta zauna daram. Nas ta ce in Allah ya yarda an wuce wurin.

Sai a lokacin ya yarda ya karɓe ta. Ya zauna a bakin gado, ya buɗe zanen a hankali, ya kama ɗan hannun yana bin yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya koma ɗaya hannun, ya sake dawowa. Mai Agogo tana kwance ido a rufe, ya ɗauka barci take.

"Goma ne, Malam," in ji ta. "Rufe ta kada ta sha iska, ka je ka kira Mama."